Layin da Jan Biro Ya Soke

Shekara bakwai ke nan da ta bar aikin ɗan sanda, amma har yau babu wanda ya daina kiranta Sufeto. Masu kawo takardu shagonta na fotokwafi Sufeto suke cewa, maƙwabta Sufeto, har Yayanta in ransa ya ɓaci Sufeto yake cewa, sai dai shi da gatse yake faɗa. Ta gyara musu har ta gaji, ta bari.

Ranar Larabar nan tun safe injin yake cinye takarda. Tana durƙushe tana zaro wata da ta maƙale Yaya ya shigo, ya zauna a kujerar masu jira ba tare da an ce masa bismillah ba.

"Kin sa hannu a takardar?"

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Kin sa hannu?"

Takardar da yake nufi tana cikin jakarta kwana uku ke nan. Ana kiran tsofaffin masu binciken laifi su koma bakin aiki, su sake duba shari'un da aka rufe tun da daɗewa. Gobe Alhamis ce ranar ƙarshe. Ita kuwa saura wata biyu aurenta da Kafinta, kuma sharaɗi ɗaya mahaifiyarsa ta kafa kafin ta yarda: kada Sufeto ta sake taka ofishin 'yan sanda da sunan aiki.

"Ban sa ba," ta ce.

Yaya ya tafa hannu. "To, madalla! Aikin da kika yi shekara goma sha biyu kina yi, yau an zo har gida ana roƙonki, za ki watsar don wani mai garin katako a gashin ido. Mutumin da ƙaninsa ya yi zaman gidan yari, kuma ke kika kai shi da hannunki! Wace irin shiga ce wannan? Ke ko tsoron abin da za a zuba miki a ruwa ba kya ji?"

"Yaya, don Allah."

"Ga mai kemis nan, bawan Allah, shekara biyu yana bin ki kamar jela. Jiya ma ya ce in gaya miki shi ko kwamishina za ki zama bai damu ba, da motarsa zai riƙa kai ki ofis."

"Ka gaya masa na gode."

"Godiyar ce za ta aure ki?"

Ta koma kan injinta. Mai kemis ba shi da aibu, sai dai in ya fara magana ji take kamar ana karanta mata takardar cikin kwalin magani. Yaya ya yi faɗansa ya gama, ya sha ruwanta, ya sa ta kwafa masa takardu biyu kyauta, ya tafi.

Da shagon ya yi shiru sai ta zauna, ta dafe kai. Ta gaji. Ba gajiyar jiki ba, wadda barci ke magani.

Ba takardar kiran ce ta hana ta sakat ba, wanda ya kawo ta ne. Tsohon shugabanta ne, wanda duk sashen ke kira Mai Jan Biro, don babu rahoton da zai bi ta teburinsa ya fita ba tare da jan layi ba. Da, in ya yi tari a baranda har masu shara miƙewa suke. Ranar Lahadi sai ga shi da sanda, wuyan riga ya yi masa yawa, yana hawa matakala biyu na shagon yana hutawa.

"Kwafi ɗaya za ki yi mini, 'yata," ya ce, ya miƙo mata shafi guda.

Tana ɗora shi a kan injin ta gane rubutun hannunta. Rahotonta ne na shekara tara da suka wuce, kan fasa wata ma'aikatar katako. An shiga ta rufi ranar hutu, maigadi ya yi kokawa da wanda ya shiga, ya faɗi ya karye a ƙugu, bai kuma ga fuska ba. Kwana biyu bayan nan wani yaro ɗan shekara goma sha tara ya kawo kansa ya ce shi ne. Shi ne Auta, ƙanin Kafinta. A ƙasan shafin ta rubuta: An ga jini a bakin kwanon rufi inda mutumin ya rataya ya dira. Wanda ake tuhuma ba shi da rauni ko ɗaya a jikinsa.

Jan layi ya bi ta kan jimlolin biyu, tun daga farko har ƙarshe.

"Ni na soke," in ji tsohon. "Yaro ya amsa da bakinsa, ana matsa mini daga sama, na ce a rufe. Yanzu likita ya ce in shirya. Fayil goma sha biyu na zaɓa, duk masu jan layina, naki ne a sama. Ki dawo ki goge mini shi kafin in tafi."

"Yallaɓai, na bar wannan rayuwar."

"Kin bari? Tun da na shigo hannuna kike kallo, ba fuskata ba. Wa ya koya miki?"

Shi ya koya mata. Kalli hannu kafin ki kalli fuska, haka yake gaya wa duk sabon shiga, don fuska an koya mata ƙarya tun tana ƙarama, hannu kuwa ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa.

Bayan azahar saƙo ya zo, Inna, mahaifiyar Kafinta, tana son ganinta. Ta rufe shago ta hau mota.

Ɗakin Inna ƙarami ne, amma duk abin da ke ciki na katako aikin Kafinta ne: gadon, ɗan teburin, har kujerar da ya yi wa hannu mai faɗi saboda ciwon gwiwarta. Sufeto ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta amsa a taƙaice, kamar mai tsoron kada kalmomin su ƙare.

Auta ne ya kawo ruwa. Yanzu ya kai ashirin da takwas, dogo, mai sunkuyar da kai. Shekara huɗu ya yi a gidan yari, kuma tun da ya fito duk inda ya nemi aikin tuƙi, da an bincika sai a ce ya je za a kira shi. Har yau wayarsa ba ta yi ƙara ba.

"Sannu da zuwa, Anti," ya ce, ya miƙo kofin da hannu biyu.

Ta karɓa. Ba ta so ta kalla ba, amma ido ya riga ya saba. Tafukan hannunsa sumul, babu ko ƙwarzane.

Da ya fita Inna ta gyara zama.

"'Yar nan, an ce an kawo miki takarda."

"An kawo, Inna."

"Kin manta abin da muka yi da ke a ɗakin nan? Na haɗiye abin da uwa ba ta haɗiyewa. Matar da ta sa wa ɗana ankwa a gabana, na ce to, tunda babban ya nace, ta shigo. Abu ɗaya na roƙe ki. Ɗaya tak!"

"Ban manta ba. Shi ya sa ban sa hannu ba sai na zo."

"To ki yaga ta."

"Inna, ki saurare ni." Ta matso kusa da ita. "Wallahi ba kaki nake marmari ba. Na gaji da shi tun kafin in tuɓe. Amma fayil ɗin farko da za a ba ni na Auta ne. Akwai abin da na rubuta a ciki aka soke. In aka sake dubawa, ina kyautata zaton za a wanke shi. A goge masa sunan nan, ya samu aiki, ya yi aure kamar kowa. Ni na ɗaure shi, ki bar ni in kwance shi."

Ta yi tsammanin tsohuwar za ta yi shiru, ko ta yi kuka, ko ta ce Allah ya sa. Wace uwa ce za a ce mata za a wanke ɗanta ta ƙi?

Inna ta zabura, ta manta da gwiwa.

"A'a! A bar shi! Wa ya ce a taɓa? An yi an gama, ya yi zamansa ya fito, me kuma ake nema? Ku ba kwa gajiya da tone-tone?"

Ta damƙe hannun kujerar. Idonta ba ya kan Sufeto, yana kan hoton da ke jikin bango, na Kafinta yana saurayi riƙe da zarto.

Shekara goma sha biyu Sufeto ta yi tana zama da mutane a ƙaramin ɗaki mai tebur ɗaya da kujera biyu. Ta san mai fushi, ta san mai tsoro. Mai fushi ido yake zuba maka. Mai tsoro kuwa abin da yake tsoron ya rasa yake kalla.

Shekara guda cur ta ɗauka ƙiyayya ce ke tsakaninta da tsohuwar nan. Ashe ba ita ba ce.

"Inna," ta ce a hankali, "wa kike karewa?"

Tsohuwar ta rufe fuska da gefen zane, ta fashe da kuka, irin kukan da ya daɗe yana jiran hanya.

"Ki ji tausayina, 'yar nan. Ba ki haifa ba, ba ki sani ba. Ki yaga takardar nan ki shigo gidan nan, in riƙe ki kamar ni na haife ki. Wallahi ba za ki taɓa jin baƙar magana daga bakina ba. Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki."

Sufeto ba ta san lokacin da hawayenta ya zubo ba. Tun rasuwar mahaifiyarta babu wanda ya ce zai riƙe ta kamar 'ya, kuma ta so maganar, ta so ta har cikin ranta. Ta ajiye kofin ba tare da ta sha ba, ta ce sai an jima, ta fita.

Auta na zaune a bakin ƙofa yana goge takalmin da ba shi da inda zai sa shi ya je. Bai ɗago ba.

Da ƙafa ta tafi shagon Kafinta, ko da yake akwai nisa. Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa. Tun daga bakin layi take jin ƙarar guduma, ƙarar da a da in ta ji sai ta tsaya ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar yarinya.

Yana tsaye gaban wani babban kabad mai ƙofa uku, fensir a bayan kunne, garin katako har a gira. Kabad ɗin ɗakinsu ne. Wata biyu yana yinsa bayan ya tashi daga aikin mutane, kullum da abin da zai ƙara.

"A'a, Sufeto da kanta! Laifin me na yi?" ya ce yana dariya. "Zo ki gani, na ƙara miki wurin takalma, tunda na lura kina da su kamar za ki buɗe shago."

Ba ta yi dariya ba. Ya dube ta, dariyar ta tafi.

"Daga wurin Inna nake."

"Ta yi miki faɗa ko? Ki yi haƙuri, zan…"

"Nuna mini hannunka."

Ya miƙo na dama.

"Ɗayan."

Hannun hagunsa kullum da abin da yake riƙe da shi: tsumma, ƙusa, ko kuma yana cikin aljihu. Yau tsumma ne. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya saki tsumman ya faɗi, ya buɗe tafin.

Tabon na nan inda ta san yake. Dogon layi ɗaya miƙaƙƙe, ya ratsa gindin yatsu huɗu.

"Ka ce mini zarto ne."

"Na ce."

"Zarto haƙora gare shi, yagar nama yake. Kuma ba ya cin mutum a nan. Wannan yankan kwano ne, na wanda ya kama bakin rufi ya saki nauyinsa." Ta ɗago ta dube shi. "Tun watan farko na gani. Na gani, na ce wa kaina na bar aiki, ba ruwana da hannun kowa. Mutum ɗaya a duniya na zaɓa in kalli fuskarsa kawai, shi ne kai."

Ya zauna a kan wani guntun katako.

"Kayan aikin Babanmu ne," ya ce. "Da ya rasu, mai ma'aikatar ya kulle su ya ce nasa ne. Na je na je, ya sa aka kore ni. Su na shiga ɗaukowa, wallahi ba komai ba. Ban san maigadin yana ciki ba. Ya riƙe ni, na fizge, na ji ya faɗi. Na gudu."

"Sai Auta ya kawo kansa."

"Inna ce ta zaunar da mu. Ta ce ni ke ciyar da gidan, ga ƙannena mata uku a makaranta, in aka kama ni kowa ya mutu. Ta ce Auta yaro ne, za a yi masa sassauci, wata shida ya fito." Ya goge ido da bayan hannu. "Shekara huɗu aka ba shi. Ina zaune a kotun, hannuna a aljihu. Kin wuce ta gabana sau biyu."

"Kuma ka iya zuwa neman aurena."

"Ba neman aure na zo ba!"

Ya tashi ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ɗaga gudumomi, ya zaro wata takarda da ta yi laushi saboda ninki.

"Ranar da na fara shiga shagonki, wannan na kawo. Na rubuta komai. Na ce bari in ba wadda ta kama shi ta buga mini, ta gaya mini inda zan kai. Na tarar da ke kina faɗa da injin nan, tawada har a hanci. Kika ɗago kika ce, malam, me za a yi maka? Sai na ji bakina ya ce kantarki ta karkace. Na gyara kanta. Washegari na dawo da takardar, na gyara ƙofa. Har abin gyara ya ƙare a shagon ban ba ki ba."

Ta tuna. Ta tuna yadda ta riƙa sassauta ƙusar kujera da kanta don ya samu dalilin dawowa. Kukan da take dannewa ya ƙwace.

"Ka cuce ni," ta ce. "Ka bar ni ina shiga gidanku ina sunkuyar da kai, ina neman gafarar uwarka. Ka bar yaron nan yana kawo mini ruwa yana ce mini Anti. Shekara tara ina kwana da shi a raina. Shi ya fitar da ni daga aikin, ka sani? Ba jinyar Ummata kaɗai ba."

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Saboda ina son ki, kuma ni matsoraci ne. Duka biyun gaskiya ne."

Ya durƙusa a cikin garin katakon.

"Ba wanda ya sani sai mu huɗu. Auta ya yafe, da bakinsa ya faɗa. In kika ce kin fasa komawa, wa zai tilasta ki? Su ba wani fayil ɗin. Wanda bai san jan layin ba, ba zai…"

Bai ƙarasa ba. Shi da kansa ya ji abin da yake roƙo, ya sunkuyar da kai.

Abin haushin shi ne ta yi tunanin. Ta tsaya a gaban kabad ɗin nan mai ƙamshin sabon katako, ta ga kayanta a jere a ciki, ta ga safiya da shayi da mutumin da ke sa ta dariya. Shekararta talatin da tara. Ta gaji da cin abinci ita kaɗai a kan teburin shago. Yaga takarda ba wuya, kullum tana yaga ɗari.

Sai ta tuna takalmin da Auta ke gogewa.

Ta buɗe jaka, ta fito da takardar kiran da biro. Babu tebur kusa, sai ta ɗora ta a jikin ƙofar kabad ɗin, ta sa hannu. Hannunta bai yi rawa ba, kuma hakan ya fi komai ba ta tsoro.

Kafinta ya miƙo mata tsohuwar takardarsa. Ta girgiza kai.

"Ba a karɓar bayani haka. Da bakinka za ka faɗa, a gaban shaida, a rubuta, ka sa hannu. Kuma ba ni zan rubuta ba. Gobe zan gaya wa Yallaɓai abin da ke tsakaninmu, ya ba wani." Ta mayar da biron jaka. "Ƙarfe takwas a ofishin, hawa na biyu, ƙofar ƙarshe. Ka zo da ƙafarka. Kada ka sa a aiko."

"Inna fa?"

"Ka je ka gaya mata da kanka. Wannan karon kai za ka zaunar da ita."

Ta juya. Har ta kai bakin ƙofa muryarsa ta biyo ta, a dishe.

"In na zo… in aka yi abin da za a yi… za ki jira ni?"

Ta tsaya, ba ta waiwaya ba. Amsar tana bakinta, ta san ta sarai, kuma ta san in ta faɗe ta yanzu, don ita zai je ba don ƙaninsa ba.

"Ranar da aka tafi da Auta," ta ce, "wa ya yi masa alkawarin komai?"

Ta fita. Sai da ta kai ƙarshen layin ta jingina da bango, ta kasa kunne. Gudumar ba ta sake ƙara ba.